Littattafan Baba a Cikin Buhu

Ruwan da ya ɓata littattafan Baba ba wani babban ruwa ba ne. Na farkon damina ne, irin mai zuwa da iska bayan la'asar, ya yi ɓarnarsa ya wuce kafin a kira magariba. Iskar ta yaye jinkar ɗakin da yake ajiye littattafai a gidanmu na Badarawa, ruwa ya zuba a kansu kai tsaye. Ni ina Unguwar Sarki a lokacin, a ɗakin aurena, sai da aka kwana biyu aka aiko mini. Turawa na nan a zamanin, ana ta maganar mulkin kai amma bai zo ba tukuna.

Wanda ya tashi da littafin ɗab'i ba zai gane girman abin ba sai an yi masa bayani. Littattafan Baba rubutun hannu ne, falle-falle, ba ɗinki, ba lambar shafi. Kowane littafi ana tara fallayensa a sa su tsakanin fatu biyu masu tauri, a ɗaure da igiyar fata, a zura cikin gafaka. Wasu shi ya kwafa yana saurayi a Zariya, wasu ya gada, kuma gefen kowane shafi cike yake da ƙananan bayanai da ya ji daga bakin malamansa. Ko da kuɗinka ba za ka sami irinsu a kasuwa ba.

Maƙwabta sun yi abin kirki, kuma kirkin nasu ne ya ƙarasa mu. Da suka ga gafakoki sun jiƙe sharkaf, sai kowa ya kama kwancewa don kada takardu su manne. Washegari rana ta fito, aka shanya su ko'ina: a tsakar gida, a kan dangar zana, a kan rufin ɗakin girki, an danne da tsakuwa da muciya da duk abin da hannu ya kai. Da yamma hadari ya sake haɗowa, aka bi su da gudu ana tsincewa da bisimilla, ana zubawa a buhuna. Ba wanda ya taka ko falle ɗaya, ba kuma wanda ya yi tunanin wane falle ke bin wane. Da na iso na tarar da karatun Baba na tsawon rai a cikin buhunan gero, jingine da bango.

Shi kuwa ba ya gani. Yanar ido ce ta rufe masa gani tun kafin aurena, amma hakan bai hana shi karantarwa ba. Ɗalibansa magidanta ne, teloli da masinjoji da 'yan tireda. Kowa zai zo zaure da safe ko bayan la'asar, a ɗauko masa littafin da yake yi, ya karanto layi da bayanin da ke gefe, Baba ya fassara ya warware. Littafi shi ne idonsa. Da aka gaya masa yadda takardun suka koma, bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba. Ya ce a naɗe masa buzunsa na zaure a shigar da shi ciki, ya ce wa ɗalibai kowa ya nemi wani malami. Na san mahaifina da surutu da tsokana, sai ga shi yana wuni a bakin ƙofar ɗakinsa ba ya ce wa kowa ci kanka. Abin ya tsorata ni ƙwarai.

Yayana, babban ɗan gidan, shi ya kawo maganar binnewa. Ban ga laifinsa ba ko a lokacin, duk da na yi masa tsiwa. Ya ce takardu ne masu sunan Allah, ba a barin su a buhu gara da ɓera su yi ta'adi, ga yara, ga awaki. Abin da aka saba shi ne a haƙa rami mai zurfi a wuri mai tsabta a rufe su da mutunci. Baba ya saurara ya ce haka ne. Ya ce a bari damina ta ja baya, a haƙa kafin ƙasa ta yi tauri.

Na koma Unguwar Sarki ina kuka, na zazzage wa maigidana labarin. Shi akawu ne a rajista, wato ɗakin da duk takardar da ta shigo ofishin gwamnati take fara sauka kafin a san teburin da za ta. Mutum ne marar hayaniya, mai son tsari har ya ba ka haushi. Farkon aurenmu sai da ya so ya jera mini kayan miya, daddawa nan, kuka can, na ce masa ya tsaya a ofishinsa. Larabcinsa bai wuce na allo ba: yana iya haɗa baƙi ya karanta, amma bai san abin da ake cewa ba. Ya bar ni na gama kukana, sannan ya tambaye ni buhu nawa ne, kuma tawadar ta wanke ko tana nan.

Na ce, "Yawanci tana nan. To me za ka yi da ita? Kai da ko fassarar layi ɗaya ba ka iyawa?"

Ya ce, "Ai rabin takardun da nake rabawa a ofis ban san kansu ba. Rahoton likitan dabbobi ya zo, na masu awon ƙasa ya zo, kina tsammanin karanta su nake yi? In na ce sai na karance kowanne, sai a tashi aiki ban gama ɗaya ba. Roƙar mini Malam ya ba ni daminar nan."

Baba bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce buhuna dai ga su nan, ba wanda ya hana wani wahalar da kansa. Maigidana ya bar ni na tare a gidanmu har ƙarshen damina, shi kuma kullum aka tashi daga ofis sai ya hau kekensa ya taho Badarawa. Yakan yi alwala a bakin rijiya, ya shiga shigifa, ɗakin da ke tsakanin zaure da cikin gida, inda muka kai buhunan.

Dabararsa ta farko ba ta kai ko'ina ba, kuma na yi masa dariya son raina. A ofis, in ji shi, kan takarda ake fara dubawa, can sama inda aka rubuta abin da ta ƙunsa. Sai ya sa muka tsamo duk fallayen da suka yi kama da farkon littafi, masu jar tawada da ado. Ya jera su ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya ɗago ya dube ni. Dukkansu da bisimilla suka fara, sai godiya ga Allah, sai salati, wani har ya cika shafi bai taɓo maganar da ya zo da ita ba.

Ya ce, "Wato duk fayil ɗaya ne."

Na ce, "Da ka tambaye ni da na hutar da kai. Malaman nan ba sa shiga magana sai sun yi sallama."

Bai ji haushi ba, abin da har yau nake jinjina masa ke nan. Ya zauna yana juya falle a hannu, sannan ya ce ai ko a wurinsu akwai dogayen rahotanni da ke zuwa ba kai, ko kan ya ce wani abu cikin ya ce wani. Tsohon akawun da ya koya masa aiki ya nuna masa yadda ake yi da irinsu. Ba ka karantawa. Kana sakin ido ne ya gangara shafin, ka ga waɗanne kalmomi ke ta dawowa. Rahoton hanya ba ya rabuwa da gada da kwalbati da tsakuwa, na asibiti ba ya rabuwa da gado da allura. Kowace magana, in ji shi, tana da kalmomin da take yawo da su. In Malam zai faɗa mana na kowane fanni, ko wanda bai san Larabci ba zai iya rabawa, muddin yana gane baƙi.

Matsalar ita ce ba zai iya zuwa ya tambaya da kansa ba. Suruki ne. Tsakaninsa da Baba gaisuwa ce daga nesa, a durƙushe, takalma a waje, kai a ƙasa, a tashi. Ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba. Don haka ni na zama 'yar aike, ina kai tambaya ina dawo da amsa tsakanin shigifa da ƙofar ɗakin Baba.

Ranar farko Baba ya kore ni. Ya ce, "Auta, je ki gaya wa mijinki ilimi ba gyaɗa ba ne da za a zuba a faifai a tsince." Na dawo na faɗa masa ba ragi. Ya ce to, in koma in tambaya ko gaskiya ne fiƙihu da nahawu kalmominsu ɗaya ne, don shi haka ya gani. Na san tsokana ce, na kuma san mahaifina. Da na koma, ban rufe baki ba Baba ya gyara zama. Ya ce wane jahili ne ya ce haka? Fiƙihu ai ba ya taku biyu bai ce wajibi ko sunna ko makaruhi ba, ya halatta, bai halatta ba. Nahawu kuwa daga fa'ili sai maf'uli sai mubtada. Hadisi za ki ga jerin sunayen mutane, wane daga wane daga wane. Waƙoƙin yabon Annabi ko makaho irina ya san layinsu rabe yake biyu da fili a tsakiya. Ya yi ta zubowa, tauhidi, magani, lissafin taurari, ina ƙoƙarin riƙewa. Rabona da jin muryarsa haka tun kafin ruwan.

Maigidana ya yanko kwalaye daga tsofaffin bangon fayil da aka zubar, ya sa na rubuta kalmomin kowane fanni da manyan baƙaƙe a kan kwali guda. Muka shimfiɗa tabarmi a shigifa, kowace da kwalinta a kai. Dokarsa mai sauƙi ce: ɗauki falle, saki ido, kalmomin kwalin da suka fi yawa a ciki su ne tabarmarsa, ajiye, ɗauki na gaba. Kada ka tsaya jin daɗin karatu. Wannan dokar ta ƙarshe saboda wani tela aka kafa ta, tsohon ɗalibin Baba da ya ƙi neman wani malami, ya riƙa rufe shagonsa da wuri yana zuwa taya mu. Da ya ɗauki falle ya gane wurin sai ya hau rerawa, ya manta da buhu. Ni da na yi 'yan ƙananan littattafai a gaban Baba kafin aure, da safe nake yin nawa, su kuma da yamma.

Aikin ya yi sauri fiye da yadda na zata. Buhu ya riƙa ramewa, tabarmi suna tashi. Yaya yakan leƙo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce Allah ya taimaka, ya wuce. Na ga alamar yana so abin ya yiwu, yana dai tsoron sa rai ne.

Sai wata rana na ɗebi 'yan fallaye daga tabarmar magani na kai wa Baba don in nuna masa ci gaba. Na fara karanto masa ɗaya, maganar ruwa ce da ganye da abin da ya canja masa launi da ɗanɗano. Ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Wa ya ce wannan magani ne? Babin tsarki ne, ruwan da ake alwala da shi. Daga babban littafin fiƙihu ya fito. Karanto na gaba."

Na gaba ma haka. Cikin waɗanda na kawo, kusan rabi ba na wurin ba ne. Ashe babban littafin nan, wanda Baba ya fi ji da shi, wanda manyan ɗalibai ke shekara da shekaru a cikinsa, ya watsu a kan kowace tabarma. Inda yake maganar ganin wata ya tafi wurin taurari. Inda yake rabon gado, da rabi da sulusi da sudusi, ya tafi lissafi. Littafi ne mai tsawo da ya ratsa rayuwa gaba ɗaya, ba abin da bai taɓo ba. Baba ya ce, "Na faɗa muku," ya juya fuska bango. Na fito, ga damina ta raba tsakiya.

Na zaci maigidana zai kare dabararsa, don maza ba su cika son a ce aikinsu ya karkace ba. Sai ya ce Malam ya yi gaskiya, kuma laifin dokar ne. Doguwar takarda ba a yanke mata hukunci da shafi ɗaya. Ya ce ya taɓa aika rahoton gina rijiyoyi ofishin dabbobi saboda shafukan da idonsa ya faɗa a kai duk shanu ne. Ya tambaye ni ko akwai wata alama da ke nuna maƙwabcin falle. Nan ne na tuna abin da na sani tun ina yarinya ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. A ƙasan kowane falle, can gefen hagu, mai kwafa yakan rubuta kalma ɗaya ita kaɗai, ita ce kalmar da falle na gaba zai fara da ita. Tun farko na san da ita, amma wa zai nemi kalma ɗaya a cikin buhuna? Yanzu kuwa da aka rage su zuwa tabarmi, ga kuma bambancin hannun masu rubutu da girman takarda, nema ya zama abin da mutum zai iya.

Ya ƙara doka biyu. Duk fallen da ya sami maƙwabcinsa, su tafi tare, inda mafi yawansu suka nufa can za su. Duk wanda kuma kalmominsa suka rabu biyu, ko bai da ko ɗaya, kada a yi masa dole, a ajiye shi a wata sabuwar tabarma da ya shimfiɗa a bakin ƙofa. Tela ya sa mata suna tabarmar shakka. Wannan, in ji maigidana, ba mai iya raba ta sai Malam, haka ma a ofis akwai tiren takardun da ba mai taɓawa sai babban akawu.

Na kai wa Baba saƙon ina ɗar-ɗar. Ya ce, "To ai gara da ya san iyakarsa. Kawo." Na riƙa ɗebo masa kaɗan-kaɗan ina karanta layi biyu uku, yana cewa wannan na wuri kaza ne, bayan babi kaza. Wani lokaci ban kai ƙarshen layi ba ya karɓe ya ƙarasa. Da ya ga kai da kawowa na cin lokaci, sai ya sa aka ja masa tabarmarsa zuwa bakin shigifa ta ciki. Maigidana yana ciki ta ɗaya gefen, bango a tsakaninsu, kowa na jin kowa, amma duk maganar ta bakina take bi. Baba zai ce, "Gaya wa mijinki wannan hannun malamina ne, ya nemi sauran masu siririn alƙalami." Ni kuma in juya in maimaita wa mutumin da ya riga ya ji. Har tela sai da ya yi dariya.

Ba duka aka samu ba. Wasu fallayen tawadarsu ta narke sun zama shuɗi-shuɗi, wasu iska ta tafi da su tun ranar shanya. Ƙananan littattafai da yawa sun haɗu cif. Babban na fiƙihu ya haɗu, amma da giɓi a wurare, kuma maigidana ya sa na saka farar takarda a duk inda kalmar ƙasa ba ta sami abokiyarta ba. Wannan ne ya hana ni sakin jiki. Na san halin Baba, ba ya son abu rabi-rabi, ya sha mayar da ɗalibi farkon babi saboda kalma ɗaya.

Da ruwa ya fara ɗaukewa, dawa ta yi kai, Yaya ya zo ya durƙusa ya ce ƙasa ta kusa bushewa, me Baba ya ce game da rami. Baba ya ce a binne waɗanda suka narke, su kam sun gama aikinsu. Sauran kuma ba zai yanke hukunci ba tukuna, sai ya ji da kunnensa. Ya ce a shimfiɗa masa buzu a zaure gobe bayan la'asar, tela ya ɗauko babban littafin, ya buɗe inda suka tsaya kafin ruwa.

Na tsaya a shigifa, bayan ƙofar zaure, inda nake jin komai. Maigidana ya zo kamar kullum, amma da ya ga takalma a bakin zaure sai ya ƙi shiga, ya tsaya a waje ƙarƙashin dalbejiya riƙe da kekensa. Tela ya fara karantawa. Baba ya fassara layin farko a gajarce, na biyu ya ɗan tsawaita, a na uku har ya yi wa tela tsiya a kan wani wasali da ya karya. Falle ya bi falle daidai. Ina jin ƙarar juya takarda ina ƙirga saura nawa a kai wurin da na sani, don ni na sa farar takardar da hannuna.

Tela ya tsaya. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, nan babu. Fari ne."

Na riƙe ƙyauren da hannu biyu. Baba ya tambaye shi kalmar ƙarshe, ya faɗa. Sai na ji Baba ya yi gyaran murya, ya ɗauko daga wannan kalmar ya ci gaba da ka, a hankali, layi bayan layi, har da bayanin gefe yana cewa nan malamina ya ce kaza. Ya yi ta tafiya har ya faɗo kan wata kalma, tela ya ce, "Ga ta nan, Malam, ita ce farkon falle na gaba."

Baba ya ce, "To. Farar takardar nan kada a cire ta. Gobe ka zo da alƙalami da tawada mu cike. Ci gaba."

Na zauna a ƙasa na yi kukana ba sauti, na farin ciki ne. Da na share ido sai na zaga ta ƙofar baya na leƙa ta saman danga. Yana nan inda yake, bai ko jingine keken ba. Ya ganni ya matso.

Ya ce, "Sun kai wurin farin?"

Na ce, "Sun kai."

"Ya rufe?"

Na ce, "Ya ci gaba."

Ya sunkuyar da kai ya daɗe yana kallon sarƙar kekensa. Sannan ya ce in an tashi in tambayar masa Malam irin takardar da yake so, don giɓin da ke gaba ya fi wannan faɗi, falle ɗaya ba zai isa ba.